Suicide Squad na 2016: Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi

A farkon fim ɗin Suicide Squad, wanda kamfanin Warner Bros. ya fitar a watan Agustan 2016, akwai wata fitowa da na ga ta fi duk faɗace-faɗacen da suka biyo bayanta tayar da hankali, alhali matar da take magana a cikinta ko muryarta ba ta ɗaga ba. Amanda Waller, babbar jami'a a ɓangaren leƙen asiri na gwamnatin Amurka, tana zaune a wani gidan abinci na masu hannu da shuni tare da wasu manyan jami'an tsaro, tana yanka nama a faranti tana kaiwa baki a tsanake, ga wani kundi mai kauri ta ajiye a kan tebur. Kundin yana ɗauke da sunaye da hotunan mafiya hatsari daga cikin fursunonin da Amurka take tsare da su, kuma shawarar da ta zo da ita ita ce a fito da su daga kurkuku a riƙa tura su ayyukan da ba a son a ga hannun gwamnati a ciki. Hujjarta ita ce Superman ya mutu, kuma babu wanda ya san ko mai irin ƙarfinsa da zai bayyana nan gaba aboki ne ko maƙiyi. Idan fursunonin suka yi nasara, gwamnati ta samu abin da take so. Idan suka mutu, babu mai zaman makokinsu. Idan kuma asiri ya tonu, sai a ce ai dama miyagu ne da kowa ya san halinsu, hukuma ta kakkaɓe rigarta ta yi gaba. Viola Davis ce ta fito a matsayin Waller, kuma yadda take zayyana wannan lissafi tsakanin loma da loma, kamar mai ƙiyasin kuɗin cefane, ya sa na gyara zama ina tsammanin fim ɗin zai tsaya a kan tambayar da ya tayar, wato ina iyakar ikon hukuma a kan ran mutumin da ta riga ta yanke cewa ba shi da sauran amfani.

Fim ɗin bai tsaya a kan wannan tambaya ba, kuma wannan ne babban abin da nake tuhumarsa da shi bayan na kalle shi sau biyu, na farko a shekarar da ya fito, na biyu kuma a kwanan baya, lokacin da na samu dogon zubin da aka ƙara wa fiye da minti goma. David Ayer ne ya rubuta labarin kuma ya ba da umarni, an ɗauki mafi yawansa a birnin Toronto na ƙasar Kanada, tsawonsa minti 123, kuma an kashe masa kimanin dala miliyan 175. Ta fuskar kasuwa ba a yi asara ba, domin ya samo fiye da dala miliyan 740 a gidajen sinima na duniya, duk da cewa ba a nuna shi a ƙasar Sin ba. Masu sharhi kuwa sun yi masa rubdugu, har ya zama kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai daga cikinsu ya yaba masa a shafin Rotten Tomatoes, mai tattara ra'ayoyin masu sharhin fina-finai. Ni a ganina duka ɓangarorin biyu suna da hujja, domin abin da ya jawo jama'a zuwa sinima yana nan a cikin fim ɗin, sai dai an binne shi a ƙarƙashin abin da ya fusata masu sharhi.

Asalin labarin daga littattafan labarai masu zane na kamfanin DC yake. Sunan ya fara fitowa tun 1959, amma tawagar da aka sani a yau, ta fursunonin da ake tilasta wa aikin gwamnati, John Ostrander ne ya kafa ta a 1987, kuma jerin littattafansa ya kai fitowa 66 kafin ya tsaya a 1992. Abin da ya bambanta aikinsa shi ne ayyukan da ake tura tawagar na siyasa ne masu datti, irin su kutsawa cikin Tarayyar Sobiyat don fito da wata marubuciya da aka tsare, kuma mai karatu ba ya da tabbacin wa zai dawo da rai, domin waɗanda aka tara ɗin ƙananan miyagu ne da kamfani ba ya jin zafin rasa su. Masu fim ɗin sun girmama shi ta hanyar sanya sunansa a jikin ginin gwamnati da tawagar ta nufa a birnin Midway City, amma da sun ɗauki darasinsa maimakon sunansa da ya fi masa daɗi.

Kusan rabin sa'a na farko ya tafi ne wajen gabatar da mutanen da ke cikin kundin Waller, waɗanda akasarinsu suke tsare a kurkukun Belle Reve a jihar Louisiana. Akwai Deadshot, ɗan ina-da-kisa da harbinsa ba ya kuskure, wanda Will Smith ya fito a matsayinsa. Akwai Harley Quinn, tsohuwar likitar masu taɓin hankali da ta haukace a kan soyayyar Joker, babban abokin gaban Batman, rawar da Margot Robbie ta taka. Sai El Diablo mai fitar da wuta daga hannuwansa, da Captain Boomerang, ɗan fashin banki daga Ostareliya, da Killer Croc mai siffar kada. Kowane ɗaya ana nuna shi da rubutu mai walƙiya a fuskar allo da tsohuwar waƙa da ta yi tashe, kuma kafin kunne ya saba da wata waƙa an katse ta an sako wata, tamkar yaro ya samu rediyo yana murɗa tasha. Deadshot da Harley an gabatar da su fiye da sau ɗaya, yayin da Katana, mace 'yar Japan mai takobin da ke tsare rayukan waɗanda ya kashe, ciki har da na mijinta, aka taƙaita tarihinta gaba ɗaya a cikin 'yan jimloli da Kanar Rick Flag, sojan da ke jagorantar tawagar, ya faɗa a cikin jirgi mai saukar ungulu. Slipknot kuwa ko kati ba a yi masa ba. An sauke shi daga mota, aka ce ya iya hawa duk abin da ake hawa, kuma duk wanda ya saba kallon fim ya san a take cewa an kawo shi ne don ya mutu.

Haka kuwa aka yi. An yi wa kowannensu allurar wani ɗan ƙaramin bam a wuya, wanda Flag ko Waller za su iya tayarwa idan mutum ya yi yunƙurin gudu. Boomerang ya raɗa wa Slipknot cewa maganar bam ɗin barazana ce kawai, Slipknot ya harba igiyarsa ya kama gini, bai yi nisa ba Flag ya danna, kansa ya tarwatse. Wannan ita ce kusan kaɗai fitowar da aka ga ɗan tawaga ya yi wa ɗan'uwansa mugunta ta gaskiya, domin Boomerang ya yi amfani da ran wani ne don ya gwada ko bam ɗin yana aiki. Da an bar tawagar a kan wannan hali na rashin amana, inda kowa yake kallon wuyan na kusa da shi a matsayin abin gwaji, da fim ɗin ya cika alƙawarin da sunansa ya yi.

Aikin da aka tura su ya samo asali ne daga kuskuren Waller da kanta. Daga cikin waɗanda ta tara akwai Enchantress, wata tsohuwar matsafiya mai dubban shekaru da ta shiga jikin Dakta June Moone, mai binciken kayan tarihi, bayan da ta fasa wani gunki a cikin kogo. Waller tana riƙe da zuciyar matsafiyar a cikin akwati, tana tsikararta idan ta yi gardama, har ta burge manyan hafsoshi a Pentagon, hedkwatar ma'aikatar tsaron Amurka, ta hanyar sa ta ɗauko wani kundin sirri daga Tehran cikin ƙiftawar ido. Ta kuma shirya yadda Flag zai kamu da son June don ta riƙe su duka biyun da igiya ɗaya. Matsafiyar ta kuɓuce, ta tayar da ɗan'uwanta Incubus, suka mamaye Midway City, sai aka tura tawagar ta ceto wani babban mutum da ba a faɗa musu ko wane ne ba. Da suka sha wuya suka kai saman ginin, suka buɗe ƙofa, sai ga Waller ce da kanta. Wato aikin farko na rundunar da aka kafa don kare ƙasa shi ne kare wadda ta kafa ta daga wutar da ta kunna da hannunta, ƙaiƙayi ya koma kan masheƙiya.

Abin da ya biyo baya shi ne wuri na biyu da fim ɗin ya nuna haƙoransa. Kafin ta fito daga ɗakin, Waller ta umarci ma'aikatanta su goge bayanan da ke cikin kwamfutoci, suna cikin yi ta zaro bindiga ta harbe su ɗaya bayan ɗaya, saboda kawai sun ga abin da matsayinsu bai kai su gani ba. Waɗannan ma'aikatan gwamnati ne da suka kwana suna yi mata aiki, ba su da laifin komai, kuma Flag, sojan da ake nuna mana a matsayin mutumin kirki, yana tsaye bai hana ba. A nan mai kallo yake gane cewa a cikin duk wanda ke ginin babu wanda ya kai wannan mata mai katin shaidar aiki rashin imani. A wannan gaɓa labarin yana da hanya a buɗe: fursunoni sun ga wadda take riƙe da rayukansu ta fi su mugunta, kuma sun san gaskiyar da gwamnati za ta so a binne. Maimakon a bi wannan hanya, sai aka sa mayaƙan matsafiya suka sace Waller, aka kawar da ita daga fage, aka mayar da hankali kan Enchantress tana karkaɗa jiki a gaban wani ginshiƙin haske da tarkace ke zagayawa a sararin sama. Cara Delevingne, wadda ta fito a matsayin matsafiyar, ta fi ban tsoro a siffar farko, baƙa ƙirin mai datti kamar abin da aka tono daga kabari, musamman inda hannun matsafiyar yake fitowa daga ƙarƙashin tafin June ya juya shi. Da aka canza mata siffa zuwa sarauniya mai walwali sai ta koma abin dariya.

Akwai kuma matsalar hankali da labarin bai damu ya amsa ba. Idan abin da ake tsoro shi ne halitta mai ƙarfin Superman, me mace mai gora a hannu za ta tsinana, ko mutumin da makaminsa lanƙwasasshen ƙarfe ne da ake jifa da shi ya dawo? In ban da El Diablo, babu wani a tawagar da zai iya abin da ƙwararrun sojojin da suka raka su ba za su iya ba. Irin waɗannan mutane sun dace da aikin sata, ko kisan mummuƙe, ko fasa kurkuku a wata ƙasa, inda rashin kunyarsu da rashin sunansu a takardar gwamnati suke da amfani. Tura su yaƙi da matsafiya a tsakiyar birnin Amurka, a gaban idon duniya, ya rushe dalilin da Waller ta bayar tun a teburin cin abinci.

Mayaƙan da suke kashewa a hanya ma abin dubawa ne. Mutane ne da matsafiyar ta mayar dodanni marasa fuska, kawunansu kamar dunƙulen baƙin kwalta mai ƙuraje, waɗanda idan aka harbe su sai su farfashe ba tare da jini ba. Dabarar a fili take, domin da haka ne fim ɗin ya samu shaidar da ta halatta wa matasa kallonsa a Amurka, amma sakamakon shi ne faɗan ba ya da nauyi. An faɗa mana cewa waɗannan dodanni mazauna birnin ne da sojojin da aka kama, amma babu wanda ya tsaya ko na daƙiƙa ɗaya ya ji wani abu game da hakan. Fitowar da Deadshot ya haye kan mota yana zubar da su shi kaɗai, sojoji suka sauke bindigoginsu suna kallonsa, ta yi kyau a ido, kuma ita ce faɗa ɗaya da zan iya tunawa dalla-dalla. Sauran duk sun cakuɗe a cikin duhu da ruwan sama da hayaƙi.

A al'adar masu kallo a wajenmu, tun muna yara, fim yana da akta yana da bos, kuma abin da ya ja hankalin mutane ga wannan fim shi ne an ce bosawa ne za su zama aktoci. Sai dai masu shirya shi sun ji tsoron abin da suka tallata. 'Yan tawagar suna yawan tuna mana da baki cewa su miyagu ne, amma abin da ido yake gani bai wuce Harley ta fasa gilashin shago ta ɗauki jaka ba, ko Boomerang ya saci abin sha. Deadshot, wanda aka nuna ya karɓi dala miliyan biyu don kashe mutum ɗaya, an wanke shi tas da 'yarsa Zoe: ba ya kashe mata da yara, Batman ya kama shi ne a lungu saboda yarinyar ta tsaya a gaban bindigarsa, kuma sharuɗɗan da ya gindaya wa gwamnati, ban da neman a sake shi, duk a kan riƙonta da karatunta ne. Will Smith ya iya wannan rawa, kuma fitowar da ya nuna gwanintarsa a filin gwajin harbi, yana jera harsasai a rami ɗaya sannan ya juyo yana zayyana buƙatunsa, tana da armashi. Amma mutumin da muke gani uba ne mai tausayi da ya yi kuskuren sana'a, irin jarumin da Smith ya saba fitowa, ba wanda ke cin abinci da jinin mutane ba.

El Diablo ne kaɗai aka bari laifinsa ya yi masa nauyi, shi ya sa fitowar mashaya ta zama zuciyar fim ɗin. Bayan tawagar ta gano ƙaryar da aka yi mata, sai ta watsar da aikin ta shiga wata mashaya da masu ita suka gudu, Harley ta koma bayan kantar mashayar tana zuba wa kowa abin sha, Diablo ya ce ruwa kawai yake so. Jay Hernandez, wanda ya fito a matsayin Diablo, fuskarsa cike da zanen ƙoƙon kai, ya buɗe tafin hannunsa, wata 'yar siffar mace ta wuta ta tashi tana rawa a kai, ya kife kofi a kanta har ta mutu, yana ba da labarin yadda matarsa ta gano sana'arsa ta ce za ta tafi da yara, ya fusata, gidan ya kama da wuta da su a ciki. Babu waƙar da aka sako don ta gaya mana abin da za mu ji, babu gaggawa, kuma amsar da Harley ta ba shi, cewa ya rungumi abin da ya aikata domin irinsu ba sa samun rayuwa irin ta mutane, ta nuna raunin da ke ƙarƙashin haukarta. Daga baya, lokacin da matsafiyar ta nuna wa kowa abin da ransa ya fi so, Harley ta ga kanta matar aure a kicin da jarirai, Deadshot ya ga ya kashe Batman, Diablo ya ga iyalinsa da rai, kuma shi ne ya ƙi yarda da mafarkin domin ya san abin da ya yi ba ya gogewa. Wannan rubutu ne mai kyau. Abin da ya ɓata shi shi ne 'yan mintuna bayan haka an sa shi ya kira tawagar iyalinsa, mutanen da bai cika kwana ɗaya da fara aiki da su ba, kuma bai ga wani alheri daga gare su ba.

Margot Robbie ita ce ribar da kamfanin ya fi ci daga wannan fim, shi ya sa ta sake fitowa a matsayin Harley a 2020 da 2021. Harley ba daga littafi ta fara ba. Paul Dini da Bruce Timm ne suka ƙirƙire ta a 1992 don wani shirin katun na Batman a talabijin. Robbie ta kama muryarta da saurin juyawarta daga wasa zuwa baƙin ciki, musamman inda take zaune a kan mota cikin ruwan sama tana zaton Joker ya mutu, da ta ji tahowar sauran sai ta share fuska ta ƙaƙalo murmushi. Amma kyamara ba ta girmama ta ba, domin ta fi bin jikinta fiye da fuskarta, kuma suturar da aka sa mata ba ta da wata alaƙa da aikin da aka tura ta. Dangantakarta da Joker ma an yi mata kwaskwarima. Mutumin da ya jona wa kanta lantarki a asibitin Arkham, ya sa ta faɗa tukunyar sinadarai don ta tabbatar masa da biyayya, ya tsere ya bar ta a cikin mota a ƙarƙashin ruwa, shi ne kuma ake nuna mana a matsayin masoyin da ke ratsa wuta don ya ceto ta. Jared Leto, wanda ya fito a matsayin Joker da haƙoran ƙarfe da zane-zane a jiki, bai wuce 'yan mintuna a fim ɗin ba, ya kuma faɗa da bakinsa cewa an yanke fitowarsa da yawa. Ko an cire shi gaba ɗaya labarin ba zai girgiza ba, kuma abin da ya rage na wasansa ya fi kama da na mai ƙoƙarin a ce ya iya hauka.

Killer Croc ya cancanci a tsaya a kansa, ko don wanda ke cikin fatar. Adewale Akinnuoye-Agbaje, haifaffen Landan wanda iyayensa 'yan Nijeriya ne, ya riƙa shafe sa'o'i a kujerar masu kwalliya kafin a fara ɗauka, domin siffar kadan ba da kwamfuta aka zana ta ba, manna masa ita aka yi a jiki. Wannan aiki, tare da na fuskar Diablo da Harley da Joker, shi ya samo wa fim ɗin lambar yabo ta Oscar a fannin kwalliya da gyaran gashi a 2017. A nan dai kwalliya ta biya kuɗin sabulu a zahiri. Abin takaici shi ne an ɗauki ɗan wasa mai wannan nauyi an ba shi gurnani da jimloli da ba su fi a ƙirga da yatsu ba.

Duk wanda ya lura zai ga tabon almakashi a jikin fim ɗin. A mashaya Flag ya fasa na'urar tayar da bam ya ce kowa ya kama gabansa, Boomerang ya kwashi gwangwanayensa ya fice a guje, amma a fitowa ta gaba sai ga shi a cikin sahu yana tafiya tare da su, ba a ce ga dalilin dawowarsa ba. Jaridun Amurka sun ruwaito cewa makonni shida kawai Ayer ya samu ya rubuta labarin saboda an riga an tsayar da ranar fitarwa, kuma bayan sukar da aka yi wa Batman v Superman a watan Maris na wannan shekara kan yawan ɗacinsa, ga kuma farin jinin da tallar Suicide Squad mai raha ta samu, sai kamfanin ya nemi a sassauta fim ɗin, har aka tace zubi biyu daban-daban aka gwada su a kan masu kallo. Ayer ya sha nanatawa daga baya cewa abin da aka fitar ba shi ne fim ɗin da ya haɗa ba. Ba zan iya yanke hukunci a kan abin da ban gani ba, amma abin da ke hannunmu ya yi kama da riga ɗaya da tela biyu suka ɗinka, kowa da ma'auninsa. Dogon zubin ya ƙara wasu fitowa na Harley da Joker da ɗan hira tsakanin 'yan tawaga a kan titi, ya ɗan rage gaggawar tsakiya, amma bai taɓa matsalar matsafiya ba.

Ga mai niyyar kallo, akwai abubuwa biyu da ya kamata ya sani. Hoton yana da duhu ƙwarai daga lokacin da aka shiga Midway City, har a karo na biyu da na fara kallonsa a waya da rana sai da na haƙura na jira dare na mayar da shi kan talabijin, domin fuskata kawai nake gani a gilashin. Sannan shaidar da aka ba shi a Amurka ba ta nufin ya dace da falon gidanmu: akwai tsiraici a suturar Harley da ta matsafiya, akwai gidan rawa da shaye-shaye da zagi, ga tsafi a tsakiyar labarin. Ba fim ba ne da mutum zai kunna yara suna zaune, ko a gaban surukai.

A 2021 James Gunn ya sake ɗaukar wannan tawaga a fim ɗin The Suicide Squad, kuma kwatanta su yana nuna abin da na farkon ya bari ya zube. A can, kafin a yi nisa an karkashe mafi yawan rukunin farko a bakin teku, har da Boomerang, domin Waller ta tura su ne kawai su ɗauke hankalin abokan gaba. Aikin kuma na ƙasar waje ne, a wani tsibiri da aka ƙirƙira mai suna Corto Maltese, kuma daga ƙarshe ya bayyana cewa manufarsa ita ce lalata shaidar hannun Amurka a wani mummunan gwaji da aka yi shekaru ana yi a kan fursunonin siyasa. Idris Elba da John Cena sun shigo, kuma rikicin da ya kai Peacemaker, rawar da Cena ya taka, ga kashe Flag a kan ko a tona asirin ko a rufe shi ya taso ne daga ainihin tambayar da aka ajiye a teburin Waller shekaru biyar kafin nan. Wannan fim ya fi na farko tsari nesa ba kusa ba, sai dai jininsa ya yi yawa har an keɓe shi ga manya, kuma da yake ya fito a lokacin annobar korona, a rana ɗaya a sinima da kuma manhajar kallon fina-finai ta HBO Max, abin da ya samo bai kai dala miliyan 185 da aka kashe masa ba.

Hukuncina a kan na 2016 shi ne a kalle shi sau ɗaya saboda Viola Davis da Jay Hernandez da wasu fitowa na Margot Robbie, ba tare da sa rai da yawa ga sa'a ta biyu ba. Yadda ya ƙare ma ya fi tsakiyarsa gaskiya. Bayan Diablo ya ba da ransa, an fasa zuciyar matsafiya, June ta kuɓuta, sai ga Waller ta fito daga cikin ɓaraguzai da wayarta a hannu, yatsanta a kan hotunansu, ta tuna musu cewa bam ɗin yana nan a wuyansu. Ladan waɗanda suka ceci duniya shi ne ragin shekara goma daga ɗaurin da wasunsu ba za su rayu su ga ƙarshensa ba, da ziyarar Deadshot ga 'yarsa ƙarƙashin tsaro, da na'urar haɗa gahawa ga Harley, da talabijin ga Croc a ramin da yake kwana, yayin da Boomerang yake ihu shi kaɗai a bayan ƙofar ƙarfe. A tsakiyar jerin sunayen ƙarshe kuma an koma gidan abinci, inda Waller take zaune da Bruce Wayne, wato Batman, tana miƙa masa kundin sirri domin ya kare ta daga binciken abin da ya faru a Midway City.